Masu Ƙidayar Abin da Ruwa Ya Ɓoye

Makiyayi na iya tsayawa bakin garke da yamma ya ƙirga shanunsa, manomi kuma ya san damin da ya zuba a rumbu. Masunci ne kaɗai dukiyarsa ke yawo inda ido ba ya kaiwa. Ba ya sanin kifi ya ragu sai ranar da ya ja taru ya ji shi sakayau, kuma kafin wannan rana ta zo ɓarnar ta yi shekara biyu ko uku da aukuwa. To akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su faɗi halin da ruwa ke ciki tun taru bai faɗa ba. Kayan aikinsu ba su taka kara sun karya ba: allon awo mai zanen santimita, sikeli, almakashi, 'yan ambulan na takarda, littafi, da fensir, don tawadar biro ba ta jure jiƙa. Da waɗannan suke gane shekarun kifi, da abin da ya ci jiya, da watan da zai zuba ƙwai, da ko ruwan da ya fito zai ci gaba da ciyar da garuruwan da ke bakinsa.

Mutumin Gusau zai ce ina ruwansa da binciken manyan tafkuna, shi da gulbinsa ke cika ya batse da damina, rani na yi ya koma yashi da 'yan gurabu. Na Tsafe ma abin da ya sani tafki ne na bayan gari da kududdufi. Amma a bi gulbin a ga inda ya nufa. Gulbin Sakkwato daga wajajen Funtuwa ya taso. Ya ratso Gusau, inda aka tare shi da dam ɗin da garin ke sha, wanda ya taɓa ɓallewa a ƙarshen Satumban 2006. Ya wuce ta Bunguɗu, ya gangara Bakolori kusa da Talatar Mafara, inda aka gama babbar madatsa a 1978. Tafkin da ta tara ya kai hekta 8,000, yana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, kuma shi ne babban ruwanmu a Zamfara. Daga nan gulbin ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara. Ana gangarawa wajen Yawuri sai Tafkin Kainji, wanda aka datse a 1968, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300.

Ma'aikatan Kainji ambaliya biyu suka sani a shekara. Ta farko, wadda suke kira fara, tana zuwa tsakanin Agusta da Oktoba, ruwanta cike da laka, kuma kaso mai tsoka nasa daga ƙasashen Zamfara, Sakkwato da Kabi yake. Ta biyu, baƙa, ruwan saman da ya sauka a duwatsun Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso garau da hunturu. Ke nan ruwan da yaran Gusau ke kallo daga kan gada a watan Agusta yana cikin abin da ke tayar da kifin Kainji ya hau ciyawa ya yi ƙwai. A bakin wannan tafki ne, a Sabuwar Busa, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take. Ta fara ne a 1968 a matsayin shirin binciken tafkin tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta zama cibiya mai cin gashin kanta a 1975, aka kuma mayar da aikinta kan kifi kacokan a 1987. Yawancin dabarun da ɗaliban jami'o'in Sakkwato, Zariya da Gusau ke ɗauka zuwa Bakolori a can aka goge su.

Aikin da asuba yake farawa. Mai bincike zai isa bakin ruwa kafin jirage su dawo, kuma in yana da hankali ya riga ya je ya gaida Sarkin Ruwa tun jiya. Wanda ya tsallake wannan gaisuwa, iska zai auna. Masunta ba sa sakin jiki da baƙo mai littafi, don a saninsu littafi haraji yake jawowa, sai su karkata jirgi su sauka can gaba inda ba ya ganinsu. Wanda ya san kan aiki durƙusawa yake yi.

"Baba, a yi mini izini in auna kafin masu saye su ɗauka."

"Auna, ɗana, amma ka yi maza. Rana na yi, kihi ba ya jira."

Sai ya jiƙa allon, ya kwantar da karfasa a kai, bakinta ya dafi katakon da ke tsaye a goshin allon. Awo biyu yake yi: ɗaya har ƙarshen wutsiya, ɗaya kuma iyakar inda nama ya ƙare wutsiya ta fara, domin wutsiya kan gutsure a raga ko tsage ya cije ta. Yana faɗa abokinsa na rubutawa, hannu bai tsaya ba. Daga nan sikeli. Akwai wani ɗan lissafi da ake yi nan take: a ninka nauyin kifi na giram sau 100, a raba da tsawonsa da aka ninka da kansa sau uku. Karfasa mai santimita 20 da giram 160 za ta ba da 2. In 'yar'uwarta mai tsawo ɗaya da ita daga wani tafki ta ba da 1.4, to can ana yunwa, ko cuta, ko kuwa ta zubar da ƙwai ne kwanan nan. Gane wanne ne daga cikin ukun, nan gwani ke bambanta da ɗan koyo.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar nan shi ne karanta shekaru. Da ɗan hantsaki ake zare ɓawo biyar ko shida daga gefen kifi, ƙasa da ƙayar baya, a sa a ambulan a rubuta lamba. A ɗakin bincike za a wanke su, a matse tsakanin gilashi biyu, a ɗora ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ɓawo yana girma ne tare da mai shi, yana ƙara siraran layuka a gefensa. Lokacin da abinci ya wadata layukan kan yi tazara, lokacin da girma ya tsaya sai su cunkushe, wasu ma su yanke juna. Wannan cunkoso shi ne zobe. A ƙasashen sanyi abin da sauƙi, don hunturunsu na tsayar da kifi cik, zobe ɗaya shekara ɗaya. Da irin wannan karatu ne Johan Hjort na ƙasar Norwe ya nuna a 1914 cewa kifin tekun da aka ƙyanƙyashe a shekara guda, 1904, shi ya riƙe kamun masuntan ƙasar shekaru da dama. Tun daga lokacin aka gane cewa kifi ma yana da shekarar albarka da shekarar fari, kuma ana iya hango su.

A nan wurinmu karatun ya fi wuya. Ruwanmu ba ya daskarewa. Abin da ke rage wa kifi girma shi ne sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da janyewar ruwa da rani, da wahalar ƙwai. Kowanne na iya barin tabonsa, don haka kifi ɗaya kan yi zobe biyu a shekara, ko ɗaya na gaske da ɗaya na ƙarya. Gwani ba ya yarda da zobe sai ya bi shi ya ga ya kewaye ɓawon duka. Ba ya kuma yarda da ɓawon da tsakiyarsa ta dagule, don wannan sabo ne da ya tsiro bayan na asali ya faɗi, bai san ƙuruciyar kifin ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a riƙa ɗaukar ɓawo kowane wata har shekara ta zagayo, a ga watan da zobe ke fitowa a baki-baki. Irin wannan haƙuri A. J. Hopson ya yi da giwan ruwa a Tafkin Cadi a shekarun 1960. Kuma masu aikin kan sa mutum biyu su karanta ɓawo ɗaya ba tare da sun ga amsar juna ba. In sun saɓa, a sake.

Tarwaɗa fa, da ba ta da ɓawo? Ita ƙayar gefenta ake cirewa, wadda ke soke hannun mai gyara, a yanka siririn faifai daga gindinta da ɗan zarto, a goge har haske ya ratsa. Zobban na nan. Sai dai ƙayar tana da rami a tsakiya wanda ke faɗaɗa yayin da kifi ke tsufa, yana cinye zobban farko, sai tsohuwar tarwaɗa ta fito da shekarun budurwa. Shi ya sa aka fi amincewa da tsakuwar kunne. A cikin kan kowane kifi mai ƙashi akwai 'yan fararen tsakuwoyi guda shida, uku kowane gefe, da yake ji da su yake kuma daidaita tsayuwarsa. Ba sa daina girma, jiki kuma ba ya cin su ko da yunwa ta yi tsanani. Ana fasa kai da wuƙa a wuri ɗaya tak, a ɗaga ƙwaƙwalwa, a zaro babbar da hantsaki. Wanda bai iya ba zai dagargaza kai goma bai samu ɗaya ba. A 1971 wani masani mai suna Giorgio Pannella ya nuna cewa tsakuwar nan layi take ƙarawa kowace rana, ta yadda za a iya ɗaukar ɗan kifi mai tsawon yatsa a ƙirga baya har a faɗi makon da aka ƙyanƙyashe shi, a duba ko ya dace da makon da gulbi ya hau fadama.

Bayan kai sai ciki. Wannan sai an sayi kifin, don ba masuncin da zai bari a farke masa kaya a mayar masa. Almakashi zai bi daga dubura zuwa maƙogwaro. Tumbi na faɗin abin da ruwa ke da shi: na karfasa kore ne shar da gansakuka, na kurungu cike da tsutsar laka da 'yan katantanwa, na giwan ruwa kuwa wani lokaci za a iske ƙaramin kifi sukutum, har a gane irinsa. Sai jakar ƙwai. In siririya ce kamar zare, kifin bai balaga ba. In ta kumbura ta cika ciki, ƙwai na zuba da an ɗan matsa, lokaci ya yi. In ta yi yaushi da jini-jini, an riga an zubar. Da aka tara ɗaruruwan irin wannan sai a fitar da lamba ɗaya da duk sauran aikin ke hidima gare ta: tsawon da rabin kifayen wani iri suke kaiwa kafin su fara haihuwa.

Daga wannan lamba ake yanke faɗin idon raga. Masunta da yatsa suke aunawa, raga mai yatsa biyu, mai yatsa uku, mai huɗu. Ma'aikata da inci suke yi, suna miƙar da idon daga ƙulli zuwa ƙulli. Manufar ɗaya ce, a bar kifi ya haihu ko da sau ɗaya kafin ya shiga tukunya. Dokokin da jihohin Neja da Kabi suka yi wa Kainji a shekarun 1990 sun sa inci 3 a matsayin mafi ƙanƙantar idon ragar da ake kafawa. A ganina lamba ɗaya ba ta isa ta yi wa ruwa mai iri sama da 100 adalci ba. Giwan ruwan da inci 3 ke kamawa jariri ne, ga shi kuwa kawara da warangi har su tsufa su mutu ba za su cika wannan ido ba. Masu binciken sun san haka sarai. Doka ce ke son abu guda da ma'aikaci zai iya aunawa a bakin ruwa ba tare da gardama ba.

Sauran tambaya ita ce ta yawa. A ƙaramin tafki irin na ƙauyukan Tsafe ana iya yin dabara mai sauƙi. A kama kifi 100, a yanke wa kowanne ɗan gefen fiffike, a mayar. Bayan kwanaki a sake jan taru. In an samu 200, goma daga ciki masu alama, to masu alamar kashi ɗaya ne cikin ashirin na duk tafkin, wato kifi wajen 2,000 ke ciki. A Bakolori ko Kainji wannan ba ta aiki, ɗari ɗin za su ɓace kamar ba a yi ba. Can sai a bi ta kan masunta. Sau ɗaya a shekara a zagaye tafkin a ƙirga kowane sansani, kowane jirgi, kowace raga, birgi, mamari da gura. Sannan kowane wata a zaɓi wasu mashigai a zauna a auna abin da jirgi ɗaya ke kawowa a yini. A misali, jirage 300 da kowanne ke kawo kilo 8 a kwana 250 na fita, tan 600 ke nan a shekara. Lissafin ba wuya. Wuyar ita ce tarkon da ke cikinsa: kifi na iya raguwa kilo bai ragu ba, domin masunci na ganin manya sun yi ƙaranci zai sayi raga mai ƙaramin ido ya cike kwandonsa da yara. Sikeli zai ce lafiya lau. Allon awo ne zai tona, in aka ga tsawon da ya fi yawa yana ja da baya shekara bayan shekara.

Ko wannan ma ba a karanta shi da gaggawa. Karfasa 'yar ƙarama da ƙwai a bakinta (uwar a baki take renon su, kuma sau da yawa a cikin jirgi take tofar da su in an kama ta) na iya nufin abu biyu masu karo da juna. A babban tafki alama ce ta an matsa wa manya da kamu har iri ya koma haihuwa da wuri. A kududdufin da ba mai kamawa kuwa alama ce ta sun yi yawa sun cinye abincinsu sun tsumbure. Maganin na farko a rage raga, maganin na biyu a ƙara, ko a saka 'yan tarwaɗa su rage su. Wanda ya haddace littafi bai san ruwan ba zai ba da maganin wancan a nan.

Kainji ya koya wa masu wannan sana'a cewa sabon tafki maƙaryaci ne. Da ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka da tsohon garin Busa, aka kuma tashi mutane kusan 44,000 daga yankin, ciyawa da ganyen da suka ruɓe sun zama taki. Faliya ta yi yawan da ba a taɓa gani ba, masunta suka yi ta kwarara daga ko'ina. A farkon shekarun 1970 kamun shekara ya kai wajen tan 28,000. Kafin shekarun su ƙare ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na haka. Takin ya ƙare, ragogi sun yi yawa. Iri ma ya sauya: miligi da danginsa masu son ruwa mai gudu da gindin dutse sun ja baya, don ƙasan tafki mai zurfi kan rasa iskar oksijin da bazara, karfasa da warangi kuma suka samu gida. Warangin nan, da bai wuce tsawon yatsa ba, shi ya zama babban kaso na kamun tafkin a shekarun 1990. Da dala ake jansa, doguwar raga mai ido kamar na gidan sauro. Da ma'aikatan shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus, wanda ya fara a 1993, suka zauna suka tsince abin da dala ke kwasowa, sai suka iske 'ya'yan faliya, karfasa da giwan ruwa birjik a cikin warangin. A kan wannan hujja aka hana dala a ƙarshen shekarun, da hannun sarakunan yankin. Hujjar ta tsaya da ƙafarta. Amma masu jan dala da matan da ke shanya warangi su ma da cikinsu, kuma hana abu a takarda daban, hana shi a ruwa mai tsawon fiye da kilomita 130 daban.

Mu abin da ya fi shafarmu shi ne dangantakar kifi da ambaliya. Tun a shekarun 1950 wani jami'in kifi, M. J. Holden, ya bi gurabun da ke saura a fadamun Gulbin Sakkwato da rani yana ƙirga abin da ke cikinsu, ya wallafa sakamakon a 1963. Bayansa aka fitar da littafin kifayen Arewacin Nijeriya a 1967, wanda cikin marubutansa akwai Ibrahim Yaro, kuma har yau ɗalibai na buɗa shi don neman sunayen Hausa na kifi. Abin da irin waɗannan ayyuka suka nuna, wanda Robin Welcomme ya tattaro daga kogunan Afirka da dama a shekarun 1970, shi ne kifin gulbi a fadama ake yinsa. Ruwan farko na sauka tarwaɗa ke haurawa ta zuba ƙwai a ciyawar da ruwa ya rufe. Balli na share wuri a cikin ciyawa ya kewaye shi ya yi sheƙa. 'Ya'yan na samun abinci da maɓoya har ruwa ya fara ja. In ambaliya ta yi faɗi ta daɗe, kamun baɗi da na baɗin baɗaɗa zai yi kyau. In ta gajarta, za a ji a jiki ko da ba a ƙara raga ko ɗaya ba. Shi ya sa da wani mai bincike, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori bayan an datse gulbin, ya iske ba shinkafar fadama kaɗai ta ragu ba, har da kifi. Madatsar ta ba mu tafki a sama, ta rage wa na ƙasa ambaliyar da kifinsu ke haihuwa a ciki. Duk mai shawarar yaushe za a buɗe ƙofofin dam, ya sani ko bai sani ba, yana yanke wa kifin baɗi hukunci.

Ba na son a ɗauka masu littafi ne suka fara sanin waɗannan abubuwa. Sarkawan Kabi da Yawuri sun san watan da kowane kifi ke ciki tun kakanni, kuma hana su a wasu gurabu har sai Sarkin Ruwa ya buɗe, kamar yadda ake yi wa kogin Matan Fada a Argungu, dokar kare iri ce tun ba a ba ta suna ba. Masunci zai gaya maka gaiwa jikinta take ci in ruwa ya ƙafe. Bincike bai ƙaryata shi ba: takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina da ke bushewa ta zama kwanso, ta bar ɗan rami tana shaƙar iska da huhu, tana rayuwa da naman jikinta har damina. Masu haƙa busasshen tafki da rani suna tono ta da ranta. Abin da mai bincike ya ƙara shi ne awo da rubutu, da kuma wasu abubuwan da ido ba ya gani ko an shekara ɗari a ruwa. Kowa ya san minjirya na jan mutum. Amma sai a 1951 Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya gano cewa yauni ma na fitar da lantarki, mai rauni ƙwarai, ba don sumar da abin farauta ba, don ya san abin da ke kewaye da shi a ruwan da laka ta rufe. Shi ya sa yake tafiya da jiki a miƙe, fiffiken baya kaɗai ke kaɗawa, yana kuma iya komawa da baya ba tare da ya yi karo ba.

Sanin cikin kifi ya shigo har cikin gidajen Gusau, inda matasa ke kiwon tarwaɗa a tankin siminti da na tamfol. Mai ƙyanƙyasa zai taɓa cikin uwa ya san ta nuna, ya yi mata allurar da ke sa ƙwai ya saki, bayan wajen rabin yini ya tatse shi a roba. Namijin kuwa ba ya tatsuwa, sai an yanka shi an ciro farar jakarsa an matse a kan ƙwan. In ruwa na da ɗumi, cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i za a ga 'ya'ya na motsi. Da hunturu abin kan ƙi, don sanyi na jinkirta ƙyanƙyasa yana kashe ƙwai. Duk wannan daga ɗakunan bincike ya fito, kodayake mai tankin ba lallai ya taɓa jin sunan Sabuwar Busa ba. Abin da zan roƙi masu kiwo kawai shi ne kada su riƙa juye baƙon iri a gulbi. Giwan ruwan da yake ɗan gida a nan, da aka kai shi Tafkin Biktoriya a Gabashin Afirka a shekarun 1950, ya yi shiru shekara kusan talatin, sannan ya bunƙasa ya share ɗaruruwan ire-iren ƙananan kifayen da babu su ko'ina a duniya sai can.

Inda muke da rauni shi ne ɗorewa. Wannan ilimi ba ya ba da amsa sai an auna abu ɗaya, a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, shekaru a jere. Abin da aka fi yi a ruwayenmu shi ne ɗalibi ya je wata shida ko shekara, ya rubuta kundinsa, ya karɓi digiri, wani ya zo bayan shekaru da wata raga daban a wani mashigi daban, a rasa yadda za a gwama biyun. Ga kuma rashin tsaro da ya sa fita da asuba zuwa bakin ruwa a yankunan Maradun ko Tsafe ya zama abin da iyaye ba sa yarda da shi cikin sauƙi. Ban ga laifin ɗaliban ba. Aikin ƙidaya na wata-wata na ma'aikatar gwamnati ne da hukumar kogunan Sakkwato da Rima, kuma a wurin da baƙo ba ya iya zuwa, ɗan masuncin da ya yi sakandare zai iya riƙe allo da littafi in an koya masa, an kuma biya shi.

Akwai karatu na ƙarshe da jikin kifi ke bayarwa, kuma a Zamfara ba ƙarami ba ne. Kifin da aka kashe da gamalin, maganin ƙwarin da wasu marasa tsoron Allah ke zubawa a gurbi, mai ido yana gane shi: manya da yara da ire-iren da ba sa shiga raga ɗaya duk an kwaso su tare, kwaɗi da ƙwari na yawo matattu a inda aka yi. Gubar ƙarfe kuwa ba ta da alama. Tun bayan annobar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara aƙalla 400, an san cewa abin da masu haƙar zinariya ke wankewa ba ya tsayawa inda aka wanke shi. Ruwan sama na kwasarsa zuwa rafi, ya kwanta a laka. Don haka mai neman dalma yakan fara da kifin da ke kiwo a ƙasa, irin su kurungu da tarwaɗa, ya ciri hanta da ƙashi da jan naman da kifi ke numfashi da shi, ya busar, ya narkar da ruwan asid, ya kai na'ura. Zaiba, wadda ake kama zinariya da ita, tafiyarta daban: tana taruwa ne a tsoka, tana ƙaruwa daga ƙaramin kifi zuwa wanda ya cinye shi. Mai nemanta sai ya wuce tiren karfasa, ya sayi tsage ko giwan ruwa mafi girma da ya samu a kasuwar ranar, ya kuma ciri tsakuwar kunnensa, don sai an san shekarun da kifin ya yi yana tarawa kafin lambar da na'ura ta bayar ta yi ma'ana.